Irin icce ya ƙi tsira, mi za ni yi mishi?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar reno ku taimaka. Ina da irin icen nan mai jan fure da dogon kwanso da ake ce ma filamboyan, tun bara na aje shi a kwalba tare da na gawo da dogon yaro, na zuba su a ledar fiya wata ina ban ruwa safe da marece amma shiru, na tona na iske filamboyan ɗin yadda na sa shi ko kumbura bai yi ba. Ya mutu ne ko ƙaƙa? So nike in jera su ƙofar gida kafin damina.

Baban Reno Wamakko:
Wa alaikumussalam. Bai mutu ba ɗana, bawon ne ke da tauri ruwa bai shiga. Ka tafasa ruwa ka sauke daga wuta, sannan ka zuba irin ciki, ka bar shi ya huce da kanshi har awa 24. Kar hwa ka dafa shi bisa wuta, kashe shi za ka yi. Wanda ya kumbura ka shuka nan take kar ya bushe, wanda ya ƙi kuma ka goga gefenshi da sanfefa ko ka ɗan ƙwanƙwantse da abin yankan farce, ta bayan iri ba wajen cibiyar ba don nan tsiron yake, da ka hango fari-fari ka tsaya. Gawo ma haka. Ba ka ganin inda awaki da shanu ke kwana gawo ke fitowa da kanshi? Cikinsu ne ya tausasa bawon.

Maman Ummi:
Malam ni dai dogon yaron nan ka haƙura da shi. Shi ba bacci yake ba, irinshi ba ya jure ajiya, 'yan makonni ƙarfinshi ya fara tafiya balle na bara. Ka jira sabo ya zubo ka wanke ka shuka, kuma kar ka sa mishi ruwan zafi. Madaci ma bai son daɗewa.

Abu Arkilla:
Ka duba gawon da kyau tukuna, ƙwari na huda shi a ajiya, duk mai ɗan rami ko wanda ya taso saman ruwa zubar da shi. Akwai masu jiƙawa da asid a wajen bincike amma wallahi kar ka gwada a gida da yara. Sannan zafin garin ga na Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, ledar in tana rana dafe irin take, ka kai su inuwa ka huda ƙasan ledar ruwa ya riƙa fita.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Baba zurfin ramin fa, nawa za ni yi?

Baban Reno Wamakko:
Gaɓar yatsa guda ta isa, cikin rairayi da ka gauraya da ruɓaɓɓen taki, ba ɗanye ba.