Neman shawara: ɗakunan karnukan da na gina a Hanwa

Mai tambaya: Assalamu alaikum, jama'a. Gidan da nake ciki a unguwar Hanwa da ke Zariya gado ne, kuma da muka yi rabo da yayyena, sashen baya mai bishiyar mangwaro ne ya faɗo mini, duk da cewa babban yayanmu bai so haka ba. Da ɓarayi suka matsa mana da haura katanga, na sayo karnukan gadi biyu, suka hayayyafa, na gina musu ɗakuna huɗu da bulo a jikin katangar maƙwabcina, na kuma fara sayar da 'yan kwikwiyon. Yanzu ya kai ƙarata wurin mai unguwa kan haushi da wari, ya ce zai wuce gaba. Shin doka ta hana wannan a cikin unguwa?

Injiniya: Malam, ba sai an yi dogon nazari ba. KADGIS, hukumar kula da filaye ta Jihar Kaduna, tana rubuta abin da aka ba da fili dominsa a takardar mallaka, naka na zama ne, ranar da ka fara sayarwa kuwa ka shiga kasuwanci. Gini kuma yana bukatar izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar. Ka nemi canjin amfanin filin, ko ka rushe da hannunka.

Hajiya: Ni a Tudun Wada maƙwabcina kaji yake kiwo, da damina ba ma iya cin abinci a tsakar gida saboda ƙuda, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsa takarda.

Baban Sadiq: Kada ka kai kanka ofis ka tono abin da ke kwance. Ka kai su asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru a yi musu allurar haukan kare, ka nuna wa mai unguwa katin, ka kuma karkatar da kwatar da kake wanke kashinsu.

Injiniya: Katin allura ba izinin gini ba ne, Baban Sadiq.

Mai tambaya: Na gode, amma ba kasuwanci nake yi ba, abokai kawai nake sayar wa. Shi maƙwabcin, tun da na kawo karnukan ba a sake sace masa batirin mota ba, injin janaretonsa kuma kwana yake yana ƙara.

Injiniya: Takardar filin, sunan wa ke jikinta, naka ko na marigayi?

Hajiya: In an gano ofishin da ke karɓar ƙorafin wari, don Allah a sanar da ni.