Siro na amoksisilin a gidan da babu firigo: yaya kuka yi?

Maman Nafisa, Tawa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Majo, wato babban mai jinya na asibitinmu, ya rubuta wa ɗiyata amoksisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, saboda ciwon kunne. Garin magani ne a kwalba, na zuba tafasasshen ruwa da ya huce har layin da aka zana. Firigo ba mu da shi, ga zafin Afrilu. Waɗanda suka taɓa shiga wannan hali, ina kuka ajiye?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam ɗiyata. Na jikana, kwalbar nake naɗewa a leda in sa gindin randa, cikin jiƙaƙƙen yashi. Ranar da aka kaɗa shi nake sa a rubuta a kwalin. Abin da ya yi saura bayan kwanakin da aka faɗa, ban ajiye wa ƙanensa ba.

Malam Idi, mai aikin jinya: Maman Nafisa, dabarar Hajiya ta wadatar wa amoksisilin zalla, muddin rana ba ta taɓa shi ba. Amma dubi kwalin. In Augmentin ne, wato amoksisilin da aka haɗa da wani magani mai suna klabulanik, wannan dole sai firigo, kuma kwana 7 ne iyakarsa. In hali bai yi ba, ki nemi ƙwayar da ake narkarwa cikin cokalin ruwa ko nonon uwa, ita ba ta buƙatar sanyi. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wurin aiki shi ne uwa ta ga zazzaɓi ya sauka ta daina, ko ta auna da cokalin shayi maimakon ma'aunin da ke cikin kwalin. Da nauyin yaro ake lissafin maganin nan.

Baban Usmanu, Yamai: Ni gargaɗi nake da shi. Ɗana ya sha amoksisilin da safe, kafin azahar jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, leɓe ya kumbura, numfashi na fita da ƙara. A guje muka kai shi asibiti. Likita ya ce jikinsa bai karɓar magungunan dangin penisilin, waɗanda amoksisilin ke cikinsu, aka rubuta a katinsa. Ko ina muka je, shi nake fara faɗa.

Maman Nafisa: Allah ya ƙara masa lafiya. Na duba, amoksisilin zalla ne. Malam Idi, cikinta ya ɗan saki tun jiya, in ci gaba?

Malam Idi: Ci gaba, yakan yi haka. Ki ba ta ruwan gishiri da sukari na leda. In kika ga jini a kashin, ko ta ƙi shan komai, ki kai ta wurin majo yau ɗin nan.