Matsakaici ƙarya ne?

Malam Sabi'u: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Ɗalibi ya tattaro albashin mutane, ya danna AVERAGE a Excel, ya zuba a babi na huɗu na aikin bincikensa, ya kawo a sa hannu. Ga ma'aikata 5: naira 70,000, 70,000, 80,000, 90,000, sai manaja mai 1,190,000. Jimla 1,500,000, a raba gida 5, matsakaici 300,000. Mutum 4 ko sulusin wannan ba sa samu. Jera su ka ɗauki lambar tsakiya, 80,000. In dai albashi ne, matsakaici ƙarya ne.

Dakta Hadiza: Ƙarya kuma, Malam? Ninka 300,000 sau 5, ga kuɗin da akanta zai fitar ƙarshen wata daidai. Ninka 80,000 sau 5, ka samu 400,000, albashin manaja kaɗai bai fito ba.

Nura: Ƙarya sai da niyya. Lissafi ba shi da niyya.

Malam Sabi'u: Wanda ya karanta 300,000 ya tafi da fahimtar da ba haka take ba, me aka yi masa?

Nura: An ruɗe shi. Ruɗarwa daban, ƙarya daban.

Balarabe: Ku dai cire manajan nan, ya fita zakka. Ƙa'idar John Tukey, masanin ƙididdiga, ta gano lambar da ta fita daban: a raba jerin gida huɗu, rubu'in farko 70,000, na uku 90,000, tazara 20,000. Ninka ta da 1.5, ɗora 30,000 kan 90,000, iyaka 120,000. Ya wuce ta nesa.

Dakta Hadiza: Da QUARTILE.INC na Excel ka fitar da rubu'in. Gwada QUARTILE.EXC, rubu'i na uku ya koma 640,000, iyaka 1,495,000, manajanka na ciki daram. Lambobi 5 ba sa ɗaukar wannan hukunci. Kuma Tukey cewa ya yi a duba, ba a goge ba. In kuskuren bugawa ne a gyara, in albashinsa ke nan a bar shi.

Balarabe: Ranki ya daɗe, manhajar ƙididdiga ta R ma 90,000 take bayarwa.

Aminu: To, 'yan R sun iso. Manhajar SPSS ta ishi ɗalibi.

Balarabe: SPSS ɗin da ɗalibi zai sa 999 a gurbin wanda bai amsa ba, ya manta bai shaida mata cewa 999 ba amsa ba ce, matsakaicin shekaru ya haura 100?

Aminu: Laifin ɗalibi ne. A Excel ma gurbin da aka bari fayau ba a ƙirga shi, amma aka sa 0 sai ya ja matsakaici ƙasa.

Nura: Har yanzu Malam bai janye "ƙarya" ba.

Malam Sabi'u: Ba zan janye ba. Dakta ɓangaren akanta take karewa, mun sani.

Dakta Hadiza: Allah ya huci zuciyarka.

Aminu (mai kula da zaure): A taƙaice, an amince cewa Excel ce tushen rikicin, tunda rubu'i iri biyu take bayarwa, don haka ɗalibai su riƙe SPSS. Maganar Malam Sabi'u tana kan hanya, kalma ce kawai ta yi nauyi. An rufe.

Balarabe: Wa ya amince? SPSS ɗin ma 640,000 take bayarwa a tebur, 90,000 a zanen akwati (boxplot, zanen da ke nuna rubu'an).