Neman shawara: rikicewar bugun zuciya, wane likita zan bi?

Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifina mai shekara 68, wanda ya daɗe yana fama da hawan jini, ya fara jin zuciyarsa tana fat-fat ba tsari, yana kuma haki idan ya hau bene. Gwajin ECG ya nuna rikicewar bugun zuciya da likitoci ke taƙaita wa suna AF. Likitan farko ya ce a rage saurin bugun da bisoprolol, na biyu kuma ya kawo maganar daidaita bugun da lantarki. Dukansu sun rubuta maganin tsinka jini, shi kuwa Baba yana tsoronsa, ya fi son asfirin. Wanne za mu bi?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ki fara da abin da likitocin suka yi ittifaƙi a kansa, wato maganin tsinka jini. A wannan cuta ɗakunan sama na zuciya karkarwa suke yi maimakon su matse jini, sai jinin ya kwanta ya daskare, gudan kuma yana iya tafiya ƙwaƙwalwa. Shi ya sa haɗarin shanyewar ɓarin jiki ke ninkawa kusan sau 5. Wanda ya haura 65 kuma yana da hawan jini yana cikin waɗanda maganin ke amfana, asfirin kuwa ba ya tsaya masa. Maganin tsinka jini iri-iri ne: idan warfarin ne, ana auna INR, wato ma'aunin saurin daskarewar jini, a kai a kai don ya tsaya tsakanin 2 da 3. Apixaban da rivaroxaban ba sa buƙatar haka, amma ba a ba wanda aka saka wa bawul (ƙofar jini a zuciya) na ƙarfe ko wanda bawul ɗinsa da ake kira mitral ya tsuke sosai, don haka a yi hoton zuciya tukuna.

Amsa ta biyu:
Hajiya, hanyoyin biyu duk karɓaɓɓu ne. Idan hakin bai ragu ba bayan an rage saurin bugun, a lokacin maganar lantarki ko ƙona wuraren da ke tayar da rikicin ta siririn bututu take ƙara nauyi, kuma akan sha maganin tsinka jini aƙalla mako 3 kafin lantarkin. Ni dai ina ganin ki zaɓi likitan da zai nemi gwajin ƙoda da na tayirod (ƙullin da ke gaban wuya), ya zauna ya yi wa Baba bayanin haɗarin zubar jini, kuma wanda za ku iya samu idan ta kai ga gaggawa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Za mu nemi hoton zuciyar, mu kuma tafi da duk magungunan da yake sha.