Ziyarar kangon Kilwa Kisiwani a Tanzaniya: kwana ɗaya zai isa?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Jama'a, wanda zai je Darussalam kuma yana son ganin kangon Kilwa, hedikwatar tsohuwar masarautar Musulunci ta bakin tekun Indiya, yaya zai tsara tafiyar? Ana iya zuwa a dawo a rana ɗaya? Me ya kamata a fara gani?

Matafiyi:
Wa alaikumus salam. Malam, cire batun rana ɗaya daga ranka. Daga Darussalam zuwa can kusan kilomita 300 ne ta kudu, motar haya tana cin awa biyar zuwa shida. Ka ware kwana biyu a can.

Kilwa uku ce, a nan baƙi suke ruɗewa. Akwai Kivinje, akwai Masoko, akwai Kisiwani. Kisiwani ita ce tsibirin da kangon yake, amma masauki da ofishin da ke ba da takardar izinin shiga suna Masoko. Motar da za ta wuce Lindi ko Mtwara a mararrabar Nangurukuru za ta ajiye ka, sai ka sake hawa wata ta kusan kilomita 30. Ka biya kuɗin izini kafin ka sauka bakin ruwa, a haɗa ka da ɗan rakiya. Ka riƙe shilin a hannu, da ruwan sha aƙalla lita biyu, don inuwa ba ta da yawa a tsibirin. Kwalekwale mai inji yana tsallakawa cikin kamar minti 20. Mai tafiya da iska ya fi araha, sai dai idan iska ta kwanta kai ma ka kwanta. Ka guji Maris zuwa Mayu, lokacin ruwan sama mai yawa ne.

Malamin Tarihi:
Abin da Matafiyi ya faɗa daidai ne. Zan ƙara a kan abin da za a fara gani, domin masu rakiya da yawa suna farawa da Gereza tunda ita ce kusa da inda ake sauka, kuma a ganina kuskure ne. Gereza ganuwa ce da Turawan Fotugal suka gina bayan sun ci garin a 1505, Larabawan Oman suka sake gina ta wajen 1800. Ba ita ce Kilwa ta zamanin ƙarfinta ba.

Ka fara da Husuni Kubwa tun da sanyin safiya, don tana gabas da ƙauyen, tafiyar kusan kilomita biyu a ƙasa. Fadar Sarki Alhasan ɗan Sulaiman ce, wanda Ibn Battuta ya tarar a kan mulki a 1331 ya yabi kyautarsa. Ɗakunanta sun haura 100. Ka tsaya a wurin wanka mai kusurwa takwas, sannan ka duba babban filin da ke kudu, wanda ɗakunan ajiya suka kewaye. Wannan filin shi ke nuna maka daga ina arzikin ya fito: a wancan zamanin zinariyar ƙasar Zimbabuwe tana fitowa ta tashar Sofala da ke Mozambik ta yanzu, Kilwa ce ke riƙe da hanyar, tana musanya ta da yadi da tangaran har na ƙasar Sin.

Daga nan ka dawo Babban Masallaci. Kada ka kalle shi a matsayin gini ɗaya. Ɓangaren arewa shi ne tsoho, na wajen ƙarni na 11 zuwa 12, rufinsa shimfiɗaɗɗe ne kuma ya faɗi. Ɓangaren kudu mai ƙubbobi da bakuna ƙari ne na ƙarni na 14. Tsaya tsakanin biyun za ka ga yadda garin ya yi kuɗi. Sai ƙaramin masallaci mai ƙubba, da fadar Makutani ta ƙarni na 18, Gereza a ƙarshe kana jiran kwalekwale.

Magini:
Don Allah kada a hau bango don ɗaukar hoto. Da dutsen murjani da farar ƙasa aka yi ginin, yana shan ruwa, gishirin teku yana cin sa daga ciki, saiwoyin itatuwa suna tsaga shi. Bangon da ya yi kama da mai ƙarfi yana iya marmashewa a ƙarƙashin ƙafa. Irin wannan lalacewar da zaizayar teku ne suka sa hukumar UNESCO, wadda ta amince da wurin a matsayin wurin tarihi na duniya a 1981, ta saka shi cikin wuraren da ke cikin haɗari daga 2004 zuwa 2014. Fasassun tangaran da ke bakin ruwa ma a bar su inda suke. Kuma mutane na zaune a tsibirin, Musulmi ne, akwai kaburbura, a yi shigar mutunci a nemi izini kafin ɗaukar hoton kowa.

Matafiyi:
Na manta da Songo Mnara, ɗaya tsibirin da ke kudu, wanda shi ne na kwana na biyu. Kafin ka yi ciniki da mai kwalekwale, tambaye shi lokacin cikar teku. Ruwa yana cika ya janye sau biyu a rana, kusan awa shida tsakani, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kamar minti 50. Hanyar zuwa kangon tana ratsa itatuwan bakin ruwa da suke kira mikoko, don haka za ka iya taka ruwa da taɓo. Ka sa takalmi mai ɗauri, silifas zai maƙale.