Neman kalmar Hausa: mi za mu kira fasiliteta?

Salamu alaikum 'yan uwa masu aikin ilimin manya. Tun shekaranjiya muke ja-in-ja kan wagga kalma ta fasiliteta, sunan Turanci da ake kiran mai riƙe da ajin manya da shi, shi ya sa na ce bari in tattara abin da anka faɗa in kuma faɗi nawa. Ni a Jega nake koyar da mata da yamma, kuma har yau in na ce ma ɗalibaina ni fasiliteta ce sai su dube ni kawai, wata dattijuwa ma ta taɓa tambayata ko sunan injin ne.

Wani malami daga Argungu ya ce mu bar ta a malami kawai, ai koyarwa ce. Na fahimce shi amma Malam ka duba su wa ke zaune gabanmu. Tsohuwa ce da ta sauke Alƙur'ani tun ban zo duniya ba, tana karanta ajami tar, boko kawai ta rasa don ta iya duba saƙon banki a waya ko ta karanta takardar asibiti, to ni da kunya in zauna ina ce ma kaina malamarta. Wasu sunka ce mai gudanarwa, wannan ta taro ce ba ta aji ba. Mai sauƙaƙawa kuwa fassara ce tsagwaronta, ba wanda zai kira ka da ita a titi. Malamin yaƙi da jahilci da anka sani tun shekarun 1950 yana da tarihi, sai dai manya da yawa ba su son a jingina musu jahilci kuma suna da gaskiya.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne jaji. Jajin karatu, jam'i jajojin karatu.

Kalmar tamu ce. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'yan taru, tana zaɓo mata dattawa masu mutunci ta karantar da su sannan ta ba su malfa da jan rawani, su koma ƙauyukansu su tara mata su koya musu ta hanyar waƙoƙi, su kuma jagorance su zuwa wurinta. Sunansu jaji. Babba ce ke jan manya 'yan uwanta, ba da bulala ba, kuma wannan shi ne ainihin aikin da Turawa ke nufi da kalmarsu. Tun a fatauci ma jaji na gaban ayari ne, don haka ta hau maza ta hau mata. Wata 'yar uwa daga Yauri ta ce ita da ta ji jaji barikin soja na Kaduna ke zo mata a rai, shi ya sa na ƙara kalmar karatu a bayan jaji.

Abin da ya fi ja na ga kalmar ga shi ne tsarin. Asma'u sai da ta horar sannan ta ba da malfa. Mu yanzu an juya abin. An taɓa kiran mu bita anka raba muna na'urorin hannu irin masu faɗin nan, kwana ɗaya tal anka nuna muna yadda ake kunnawa, ba maganar sola ba maganar data ba wanda ya dawo ya ga ko muna iyawa, tawa tana nan cikin akwati don darussan ciki duk da Turanci suke. Kuɗi sun tafi ga kaya, mutum an bar shi da alawus da ba ya zuwa kan lokaci. Ina ganin rashin suna na da hannu a ciki, wanda ba a san mi za a kira shi ba da wuya a ware mishi kuɗin horo a kasafi. Hukumar ilimin manya ta ƙasa tun 1990 take, ta girmi jihar Kebbi da shekara ɗaya, ya ci a ce mai riƙe da ajin yana da suna da dattijuwar Jega za ta gane.

'Yan uwa na Zuru da Gwandu ban ji naku ba tukuna. In ba mai ƙorafi, takardar gayyatar taronmu na 8 ga Satumba, ranar yaƙi da jahilci ta duniya, jajojin karatu zan rubuta a kai.