Wace kalma ta dace da "metabolism": narkewa, ƙonewa ko sarrafawa?

Malamai da masu fassara, ina roƙon mu tsayar da kalma ɗaya a madadin "metabolism", kalmar Turanci mai nufin yadda jiki ke sauya sinadaran abinci a cikin ƙwayoyinsa don samun ƙarfi da gina kansa, domin narkewa da ƙonewa, waɗanda aka fi amfani da su, kowacce tana karkatar da fahimtar ɗalibi. Narkewar abinci aikin ciki ne da hanji, kuma tana ƙarewa kafin abin da muke magana a kai ya fara, wato kafin sukarin gulukos ya bar jini ya shiga ƙwayar halitta.

Ƙonewa ta fi kusa da ma'ana, amma binciken ƙari, wato kumburin ciwon daji, da na yis ɗin burodi ya nuna iyakarta. Tun a shekarun 1920 masanin kimiyya Otto Warburg ya lura a Jamus cewa ƙwayoyin ciwon daji suna zuƙar gulukos da yawa, sannan ko da akwai iskar oksijin ba sa ƙone shi duka, sai su mayar da mafi yawansa laktet, dangin sinadarin da ke sa nono tsami. Yis ma haka yake yi idan sukari ya yawaita, sai dai shi barasa yake fitarwa da iskar da ke kumbura ƙullun burodi.

A yau ana bin sawun wannan aiki ba tare da an tsaga ƙwayar ba. Ana haɗa gulukos da kabon-13, wani nau'in sinadarin kabon wanda kusan kashi 1 ne kacal cikin 100 na kabon duniya, a ba ƙwayoyin, a sa su cikin maganaɗisu mai ƙarfi, a aika musu igiyar rediyo. Kowane kabon-13 yana amsawa da amo na daban gwargwadon sinadarin da yake zaune a ciki, don haka mai bincike yana ganin alamar gulukos tana raguwa, ta laktet ko ta barasa tana tasowa. A 2003 aka samo dabarar ƙarfafa wannan amo fiye da sau 10,000, kuma a 2014 rukunin Kevin Brindle na Jami'ar Kambirij ya yi amfani da ita wajen bin gulukos a cikin ƙarin ɓeraye masu rai.

Abin da ake gani shi ne sukari mai kabon 6 yana bin matakai 10, yana sauya kama, har ya rabu gida biyu masu kabon 3 kowanne. Wannan a Hausa sarrafawa ne. Kalmar tana da wata fa'ida da nake ganin ta fi komai nauyi: ta ƙunshi rushewa da ginawa, kuma ƙari yana karkatar da wani ɓangare na gulukos wajen gina sababbin ƙwayoyi, abin da ƙonewa ba za ta iya ɗauka ba.

Na san sarrafa tana nufin tafiyar da na'ura ko aikin masana'anta. Shi ya sa nake ba da shawarar a rubuta "sarrafa sinadarai a ƙwayar halitta" a ambaton farko, daga nan a taƙaita zuwa "sarrafa gulukos" ko "sarrafa kitse" gwargwadon batun. Masu koyar da kimiyya a Kano, Sakkwato da Damagaram, ina son jin ko ɗalibanku za su bambanta ta da narkewa.